Maganin alerji daga jinin raƙumi: bai kamata Nijar ta tsaya kallo ba

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe Damagaram, Maraɗi, Tawa har Yamai, ɗakunan shan magani kan cika da masu atishawa, masu jan ido da ƙaiƙayi, da yaran da ƙirjinsu ke fito da daddare. Galibi akan ce mura ce ko sanyi, a rubuta paracetamol da maganin tari, a sallami mutum. Wasu kam murar ce, wasu kuma ƙurar ce kawai ke kankarar hanci da maƙogwaro. Amma a cikinsu akwai masu alerji, wanda a gida akan kira wani nau'insa borin jini, kuma mafi yawansu za su tsufa ba tare da an taɓa gwada su an gaya musu abin da jikinsu ba ya so ba.

A daidai wannan lokaci, a ɗakunan bincike na Beljiyam, Denmak da Ostiriya, masana na ƙoƙarin haɗa sabbin hanyoyin gano alerji da magance shi da wasu ƙananan sinadaran garkuwa da aka fara gani a jinin raƙumi. Nijar na da raƙuma sama da miliyan ɗaya da rabi. Wannan kaɗai ya isa a tambayi hukumomin lafiya da jami'o'in ƙasar ina suka tsaya a wannan tafiya. Sai dai kafin tambayar, ya kamata a san abin da binciken ya cimma da abin da bai cimma ba, don kada a yi wa rogo kallon kitse.

Yadda jiki ke yaƙar abin da ba abokin gaba ba

Jikin ɗan Adam na sarrafa wasu sinadarai da likitoci ke kira antikor, waɗanda aikinsu shi ne su gane ƙwayar cuta su manne mata. Akwai nau'i biyar, kuma wanda ya shafi alerji shi ne IgE. An gano shi tsakanin 1966 da 1967, a hannun Kimishige da Teruko Ishizaka a birnin Denba na Amurka, da kuma Johansson da Bennich a Upsala ta ƙasar Suwidin. Masana na ganin amfaninsa na asali shi ne yaƙi da tsutsotsin ciki. A jikin mai alerji kuwa, sai IgE ya ɗauki gyaɗa, ko ƙwai, ko garin furen ciyawa, ko kashin kyankyaso, ko ƙananan ƙwarin katifa da ido ba ya gani, a matsayin abokan gaba.

Wannan IgE yana zama ne a bayan wasu ƙwayoyi da ke cikin fata, hanci, huhu da hanji, masu ɗauke da histamin. Da zarar abin da jiki ba ya so ya shigo ya taɓa IgE, sai ƙwayoyin su saki abin da ke cikinsu. Daga nan ne atishawa, kumburi, ƙaiƙayi da toshewar numfashi ke fitowa. Idan abin ya game jiki gaba ɗaya, jini na iya faɗuwa, maƙogwaro ya rufe, mutum ya mutu cikin mintoci idan ba a yi masa allurar adirenalin a cinya ba. Harbin zuma ko rina, ko allurar penisilin, na iya jawo haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma ta kashe mutum 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ba kowace asma ce ta alerji ba, amma a yara alerji na da babban hannu a ciki. Don haka masu cewa alerji ciwon Turawa ne ko ciwon ƴan gayu ba su dubi alƙaluman ba.

Maganin da ke akwai, da kuɗinsa

Tunanin amfani da antikor wajen kashe kaifin IgE ba sabo ba ne. A 2003 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da omalizumab, wanda ake sayarwa da sunan Xolair, don asmar da alerji ke haddasawa. Aikinsa shi ne ya kama IgE da ke yawo a jini kafin ya hau kan ƙwayoyin histamin. Daga baya an ƙara masa borin jini mai daɗewa, sannan a watan Fabrairun 2024 aka amince da shi don alerjin abinci, tun daga yaro ɗan shekara ɗaya. A gwajin da aka dogara da shi, kimanin kashi 67 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar sun iya cin miligiram 600 na furotin gyaɗa, kwatankwacin ƙwaya biyu zuwa uku, ba tare da mummunar illa ba, alhali a cikin waɗanda ba a ba su maganin ba kashi 7 ne kacal suka iya. Ba warkarwa yake yi ba. Kariya ce daga tsautsayi, kuma dole mutum ya ci gaba da ƙaurace wa abincin.

Matsalar ita ce kuɗi da sanyi. Ana yin allurar duk mako biyu ko huɗu. A Amurka farashinta na wata guda ya kai dubban daloli, wato sama da miliyan ɗaya na sefa, a yayin da mafi ƙarancin albashi a Nijar yake jika 42. Ana sarrafa irin waɗannan manyan antikor ne a cikin ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa, a masana'antu masu tsadar gaske, kuma dole a ajiye su a firji tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya san yadda wuta ke ɗaukewa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san cewa irin wannan magani ba zai kai Dakwaro ko Gure da sauƙi ba. Fitowar kwafinsa mai rahusa, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2024, ta rage farashi a can, amma ba ta cire buƙatar firji ba.

Abin da aka gani a jinin raƙumi

A ƙarshen shekarun 1980, a Jami'ar VUB da ke Burusel, ƙungiyar Farfesa Raymond Hamers da Cécile Casterman ta duba ruwan jinin raƙumi da aka ajiye don binciken wata cuta dangin sammore. Antikor na yau da kullum yana da siffar gwafa, an haɗa shi da sarƙoƙi huɗu, biyu manya biyu ƙanana. A jinin raƙumin sai suka ga wani nau'i da ba shi da ƙananan sarƙoƙin ko kaɗan, kuma duk da haka yana aikinsa. Sun wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1993. Daga baya aka tabbatar cewa raƙumi mai tozo biyu, da lama da alfaka na Kudancin Amurka, duk suna da shi.

Idan aka ɓalle kan wannan antikor, wato ɗan ɓangaren da ke kama abokin gaba, sai a sami wani abu da nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na antikor ɗin mutum ba. Shi ake kira nanobodi. Ƙanƙantarsa na ba shi damar kutsawa lungunan da babba ba zai shiga ba. Ya fi jure zafi. Ana iya sarrafa shi da yawa a cikin bakteriya ko yis, wanda ya fi araha nesa. Ana kuma iya jera biyu ko uku a haɗa su kamar carbi, su kama wurare daban-daban lokaci guda.

Kamfanin Ablynx da aka kafa a birnin Gent a 2001 a kan wannan bincike, kamfanin Sanofi na Faransa ya saye shi a 2018 a kan miliyar 3.9 na kuɗin Yuro, wato sama da miliyar 2,500 na sefa. A wannan shekarar ce Turai ta amince da caplacizumab, maganin nanobodi na farko, don wata cutar daskarewar jini da ba a cika samu ba. Japan ta amince da wani a 2022 don ciwon gaɓoɓi. Ke nan fasahar ta wuce matakin mafarki.

A fannin alerji, hanyoyi uku ake bi. Ta farko ita ce a kai wa IgE ɗin kansa hari. A 2018 masu bincike a Jami'ar Arhus ta Denmak, tare da abokan aikinsu na Jamus, sun nuna yadda wani nanobodi ke lanƙwasa IgE ya kulle shi a wata siffa da ba zai iya hawa kan ƙwayoyin histamin ba, har ma ya ɓamɓaro wanda ya riga ya hau. Wannan ɓamɓarowar ce ta ja hankali, domin omalizumab ya fi ƙarfi ne a kan IgE da ke yawo a jini. Hanya ta biyu ita ce a rufe abin da ke tayar da alerjin. Masu bincike a Jami'ar Koyon Likitanci ta Biyana, tare da wani ɗakin bincike na Mosko, sun yi wa raƙumi allurar babban furotin furen bishiyar da ta fi addabar mutanen arewacin Turai a lokacin bazararsu, suka samo nanobodi da ke manne wa furotin ɗin ya rage damar IgE na taɓa shi. Burin shi ne wata rana a sa irinsa a feshin hanci ko ɗigon ido. Hanya ta uku ita ce ganowa: a yi amfani da nanobodi a kayan gwaji don gano ɓurɓushin gyaɗa ko madara a cikin abincin gwangwani, ko auna IgE a jinin mara lafiya.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Zuwa yanzu babu wani maganin alerji na nanobodi da ake sayarwa a farmasi, a Turai ko a Amurka. Mafi yawan sakamakon daga kwalaben ɗakin bincike ne da jinin da aka ɗiba daga marasa lafiya. Ƙanƙantar da ake yabo ita ce kuma rauninsa: ƙoda na tace shi ta fitar da shi cikin sa'o'i kaɗan, sai an liƙa masa wani abu da zai riƙe shi a jini. Kuma an taɓa ganin faɗuwa. Ablynx ya gwada wani nanobodi da jarirai ke shaƙa don wata ƙwayar cutar huhu mai suna RSV. Ya rage yawan ƙwayar a hanci, amma bai sa yaran sun warke da wuri ba, aka dakatar da shi.

Wannan gargaɗi ya zama dole saboda an san halin kasuwa. Da labari irin wannan ya bazu a WhatsApp da TikTok, ba za a rasa wanda zai fito da jarkar nonon raƙumi yana cewa Turawa sun tabbatar yana maganin asma ba. Nonon raƙumi abinci ne mai kyau, kuma gaskiya ne ba shi da ɗaya daga cikin furotin ɗin nonon saniya da ke tayar wa wasu yara alerji. Amma nanobodin da ake magana a kai ba ya cikin ƙwarya. Sai an yi wa dabba allurar abin da ake nufi, an zaɓo ƙwayar halittar da ta dace daga cikin miliyoyi, an sarrafa ta a masana'anta. Shan ɗanyen nono kuwa na iya jawo cutar bakkale, wadda ke wucewa daga dabba zuwa mutum. Uwar da ta ajiye maganin feshin ɗanta mai asma ta koma ga jarka tana wasa da ransa ne.

Akwai wata gaskiyar kuma da masu kishin ƙasa ba za su ji daɗinta ba. Yawan raƙuma ba zai mayar da Nijar mai arziƙin nanobodi ba yadda uraniyom ya sa aka san Arlit. Raƙumi ɗaya ake yi wa allura na ƴan makonni, a ɗebi jinin da bai cika kofin shayi babba ba, dabbar ta ci gaba da kiwonta. Da an samo ƙwayar halittar, an gama da raƙumin. Ɗakunan bincike da yawa ma alfaka suke kiwo a bayan gari, wasu kuma na haɗa nanobodi ba tare da dabba ba. Darajar tana kan ilimin da takardar mallakar fasaha. Ƙasar da ta zauna jiran a zo sayen jinin raƙumanta za ta daɗe tana jira.

Ganowa kafin magani

To, mene ne rabon Nijar? Amsar tana wajen ganowa. Kayan gwajin alerji da ake shigowa da su an tsara su ne a kan abin da ke damun Turawa, kuma an tabbatar suna iya ruɗi a Afirka. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan ƴan makaranta a Ghana ya gano cewa yara da yawa gwajin jininsu ya nuna IgE na gyaɗa, amma kaɗan ƙwarai ne gyaɗar ke yi wa wani abu. Suna cin abinsu lafiya. Masu binciken sun danganta hakan da tsargiya: tsutsar na ɗauke da wasu sinadaran sukari masu kama da na tsirrai, sai gwajin ya ɗauki wannan a matsayin wancan. Nijar na da tsargiya a bakin kogin Kwara da kewayen tafkuna da gonakin ban-ruwa. Nijar kuma ƙasa ce da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ke cikin abincin yau da kullum, kuma da kunun gyaɗar nan na leda, wanda ake sarrafa shi a Yamai, ake ceto yara masu tamowa. Gwajin da zai ce wa uwa ta hana ɗanta gyaɗa bisa kuskure ba ƙaramar ɓarna zai yi ba.

A ɗaya gefen, akwai abubuwan da ke nan waɗanda kamfanonin waje ba su da dalilin damuwa da su. Fara misali ce. Lokacin da hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta duba fara a 2021, ta yi gargaɗin cewa tana iya tayar da alerji ga masu alerjin jatan lande da na ƙwarin katifa, saboda furotin ɗinsu ya yi kama. A Turai fara sabon abu ne. A kasuwannin Maraɗi da Yamai buhu-buhu ake sayar da ita, ana ci da yaji tun kaka da kakanni. Haka furen gero, dawa, darbejiya da ciyawar daji, da ƙurar sussuka da mata ke shaƙa bayan girbi. In ba masu binciken wannan yanki suka yi nazarinsu ba, babu wanda zai yi.

A nan ne nanobodi ke da amfani na zahiri: abu mai jure zafi, mai araha wajen sarrafawa, wanda za a iya sa wa a ɗan tsinken gwaji irin na zazzaɓin cizon sauro da kowane ma'aikacin lafiya na karkara ya iya aiki da shi. Kuma akwai misali a nahiyar. Cibiyar Pasteur ta Tunis, tare da masanan Burusel, ta yi amfani da raƙuman Tunisiya ta samo nanobodi masu kashe dafin kunama a gwajin dabbobi. Sun zaɓi matsalar gidansu ne, suka nemi abokan aiki a kanta. Kunamar da ke kashe yara a Agadas a lokacin zafi ta isa ta sa a kalli wannan misali da idon basira.

Nijar ba ta rasa tubalin farawa ba. Akwai CERMES a Yamai, wadda ke cikin gungun cibiyoyin Pasteur. Akwai LABOCEL da ta daɗe tana sarrafa rigakafin dabbobi. Akwai sassan koyon likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni da jami'o'in Maraɗi da Damagaram, ga likitocin dabbobi da suka san raƙumi. Abin da ake buƙata shi ne shiri guda mai iyaka: a fara da ƙididdigar abubuwan da ke tayar wa ƴan ƙasa alerji, a tura ɗalibai biyu ko uku su koyo fasahar a Tunis ko Burusel da sharaɗin dawowa, kuma duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu ta fayyace rabon Nijar a sakamakon. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta tanadi raba amfanin albarkatun halittu tsakanin mai su da mai bincike, tana nan don irin wannan.

Masu cewa ba yanzu ba

Za a sami masu cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro, tamowa da sanƙarau ke kashe yaranta ba ta da lokacin atishawa. Maganarsu na da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗebe kuɗin gidan sauro a sayi injin bincike. Hasali ma, ko a fannin alerjin, abin gaggawa ba nanobodi ba ne. Adirenalin tsohon magani ne mai araha da ke cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya kamata a same shi a kowace cibiyar lafiya, tare da ma'aikacin da ya san lokacin yin sa. Mai asma na buƙatar feshin buɗe ƙirji na salbutamol da kuma feshin da ke hana kumburin hanyar iska, a farashin da talaka zai iya. Ana kuma buƙatar tsawatar wa masu tallar magani a kai da ke sayar da dekzametazon kamar alewa: yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma daɗewa ana sha na jawo ciwon sukari, hawan jini da raunin ƙashi. Tsofaffin ƙwayoyin borin jini kuma na sa barci, abin da ya kamata kowane ɗan kabu-kabu ya sani kafin ya hau babur.

Amma yin wannan bai hana yin wancan ba. Fasahar da za a koya don alerji ita ce dai za ta yi aiki a kan dafin kunama da maciji, da gwajin cututtukan dabbobi. Annobar korona ta nuna yadda ƙasashen da ba sa sarrafa komai suka tsaya a ƙarshen layi suna jiran ragowar rigakafi. Shekara 25 aka ɗauka daga wallafa binciken Burusel zuwa fitowar maganin farko. Wanda bai fara horar da mutanensa yau ba, ranar da maganin alerjin zai fito zai same shi ne a farashin da wasu suka yanke.

Ƴan Nijar mazauna waje na da nasu aikin. Da yawa na renon yara a Faransa, Beljiyam, Kanada da Amurka, inda alerjin abinci ya fi yawa, kuma su ne farkon waɗanda za a yi wa tayin sabbin magungunan. Yana da kyau su san binciken da aka yi a Landan aka wallafa a 2015, wanda ya nuna cewa fara ba jarirai masu haɗarin kamuwa abincin gyaɗa da wuri, bisa shawarar likita, ya rage alerjin gyaɗa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Idan kuma yaro mai alerji zai zo hutu gida, a zo da allurarsa ta adirenalin, a kuma yi wa kakanni bayani a fili, domin ɗan ɗanɗanon da kaka za ta ba jikanta don ƙauna na iya zama ajalinsa. Likitoci da masu binciken da ke cikinsu kuwa, su ne gadar da ta fi kusa tsakanin ɗakunan binciken can da jami'o'in nan. Karɓar ɗalibi ɗaya daga Maraɗi ko Damagaram na wata shida ya fi kwantena guda na tsofaffin kayan asibiti amfani.

Raƙumi ya ɗauki gishirin Bilma ɗaruruwan shekaru, ya haɗa Agadas da Kano. Yanzu an gano wani sirri a jininsa, kuma wasu sun riga sun mayar da shi miliyoyin kuɗi ba tare da makiyayin Ingal ko Abalak ya ji labari ba. Hunturu mai zuwa zai sake cika ɗakunan shan magani da masu tari. Abin da ake jira daga ma'aikatar lafiya da ta ilimi mai zurfi shi ne su sa adirenalin da maganin feshi a inda marasa lafiya suke, sannan su zaɓi ɗaliban farko da za su je su koyo.